Kifayen Alhaji Barmo Sun Shiga Ruwan Gari

A wani garin masunta na bakin teku akwai tafkin da kowa ke da haƙƙi a ciki. Idan kifi na ƙwai, Sarkin Ruwa kan rufe shi, ba mai jefa taru sai ranar buɗewa, wato ranar su, da kowa ke fitowa kamun kifi.

Alhaji Barmo, attajirin da ya sayi gonar bakin tafkin, ya zo gaban Sarkin Ruwa ya ce, "Kifayen da aka ƙyanƙyashe a gefen gonata nawa ne. Ranar su a ware mini su, in ba haka ba in toshe hanyar ruwa."

Masunta na zaune a wurin suna ji. Gwaggo Tabawa mai bandar kifi ta gyara zama ta ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Amma in akuya ta shiga gonarka, wa ke zuwa ya fitar da ita?"

"Mai ita mana."

"To, kifayenka sun daɗe suna kiwo a ruwanmu. Shiga ka kore su gida. Sai dai ruwa a rufe yake, ban da taru."

Ranar su, Alhaji ya zo da kwandonsa ya bi layi kamar kowa.