Shanun Da Ke Ƙarƙashin Tawada

Jama'ar wannan shafi, assalamu alaikum. Kwana biyu kun ji ni shiru. Rashi aka yi mana, ƙanena Ɗayyabu ya rasu a daminar nan. Na gode wa waɗanda suka kira da waɗanda suka tako har Tarai. Ni ba mai dogon karatu ba ne, don haka zan ba ku labarin nan yadda ya faru. Mai labarin da kansa ya zauna ya faɗa mini, ya kuma ce kada in ɓoye sunansa.

Akwai wani matashi a garin Rano mai suna Mujahid, ɗan gidan malamai. Tun yana ƙarami a makarantar mahaifinsa hannunsa ya faɗa da alƙalamin kara. Da ya girma sai ya juya hannun nan zuwa zanen barkwanci. Ba ya zane da komai sai tawadar allo, ya ce ita kaɗai ke ba shi duhu da haske yadda yake so. Kuma gaskiya Allah Ya ba shi. In ya zana direban tasha yana cusa fasinja, sai ka yi dariya har ka riƙe ciki.

Shi ya kafa wata 'yar mujalla mai suna Alƙalamin Kara. Ba kamfani, ba ofis. Samari da 'yan mata masu sha'awar zane daga Rano da Kibiya ke kawo aikinsu. Mujahid ya zaɓa, ya yanka da reza, ya manna a kan farin kwali da ruwan ƙaro. Wannan kwalin da aka manne shi suke kira uwa. Sai a kai uwar shagon Uzairu mai fotokwafi a buga, a ninke takardun gida biyu, a ɗinke tsakiya da zare da allura. Shi ke nan ta shiga hannun jama'a.

Wata rana Ɗayyabu ya shigo shagon da leda a hammata. Makiyayi ne, shi ke fita da shanun gidanmu. Zane kuwa ba wanda ya koya masa. Kwalin da ake naɗe shadda yake roƙa a wajen masu yadi a kasuwar Kibiya, mai farar fuska da tokar baya, ya zauna a gindin bishiya ya yi ta aiki da baƙin biro.

Mujahid ya buɗe ledar yana dubawa. Saniya a tsaye. Saniya a kwance. Ɗan maraƙi yana tsotso.

Ya ce, "Ɗan Fulani, shanu dai, shanu dai? Ko jaki ɗaya babu a Tarai?"

Ɗayyabu ya yi murmushi ya ce, "Akwai, Malam Mujahid. Amma ba ya tsayawa a zana shi."

Uzairu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Sa masa ɗaya mana. Wallahi waccan mai karyayyen ƙahon kamar ta yi magana."

"Mujallar barkwanci ce, ba asibitin dabbobi ba," in ji Mujahid. Ya juya wajen Ɗayyabu ya ce, "Bar su nan. Sai fitowa ta gaba."

Ɗayyabu ya yi godiya kamar an ba shi kujerar Makka. Ya koma gida ya gaya wa Innarmu cewa shanunta za su fito a takarda.

Fitowa ta gaba ta zo, babu saniya. Ta gabanta ma haka. Duk da haka bai daina kawowa ba. Ɗakinsa na yoyo in ruwa ya sauka, sai ya kwaso har tsofaffin zanensa ya ba Mujahid ajiya. A gida bai bar ko ƙyalle ba. In ya tambaya a hankali, amsar ɗaya ce, sai fitowa ta gaba. Shi kuma ya ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ana nan, wata ranar haɗa uwa, kwali ya yanke wa Mujahid. Ya duba ko'ina babu. Idonsa ya faɗa kan ledar Ɗayyabu a saman kabad. Kwali mai kauri, mai kyau. Ya gwada bayan, sai ya ga tokar za ta fito da datti a inji. Sai ya juya farar fuskar, inda shanun suke, ya shafa ruwan ƙaro, ya shimfiɗa zanensa a kai ya danne da tafin hannu.

A ransa ya ce, "Ai shanu ne. Gobe ma zai zana wasu."

Abin da aka yi sau ɗaya ba ya wuyar maimaitawa. Kafin damina ta yi nisa ledar ta zama wayam. Duk zanen da Mujahid ya fi ji da su, a kan shanun Ɗayyabu suke zaune.

Sai ga kira daga Kano. Wasu masu shirya baje kolin 'yan zane da ƙananan mujallu sun ga Alƙalamin Kara, sun ba Mujahid bango guda ya rataya aikinsa. Sharaɗinsu ɗaya, asalin aikin hannu suke so, ba kwafi ba, kuma zai zauna a wajensu har a tashi daga baje kolin bayan watanni. Wannan ita ce ƙofar da Mujahid ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Ya jera uwayen nan a jaka yana jiran Asabar.

A cikin wannan jiran ne maciji ya sari Ɗayyabu a wajen kiwo. Kafin a samu abin hawa a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mujahid ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a, ya koma. Ya ce mini har ga Allah a ranar bai tuna da maganar kwali ba.

Ranar Laraba yana shagon Uzairu, sai ga wani dattijo da sanda da malafa ya yi sallama. Mahaifinmu ne, Baffa Datti.

Bayan an gaisa, Baffa ya ce, "Kai ne mai takardar zane?"

"Ni ne, Baffa."

"Yaron nan ya ce kayansa na wajenka. Ni ban san kan abin ba, da yana yi ma faɗa nake masa. To uwarsa ce. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ta ce a samo mata abin da hannunsa ya taɓa. Mun duba ɗakinsa, daga riga sai takalmi."

Jakar uwayen tana nan jingine a ƙafar Mujahid. Ya buɗe baki ya ce, "Baffa, suna nan. Sai dai a ɗan yi haƙuri, sai…"

Ya ji da kunnensa abin da yake shirin faɗa, kuma ya san wanda ya saba faɗa wa.

Baffa ya jira, da ya ji shiru sai ya ce, "Ba gaggawa, yaro. Duk ranar da ka samu sarari." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Uzairu ya dube shi ya ce, "Lafiya? Ka ba tsohon nan kayan ɗansa mana."

Mujahid ya zaro uwa ɗaya daga jaka, ya sa farce ya ɗaga gefen takardar kaɗan. Ga kofaton saniya ya leƙo. Da ya ƙara ja, sai fuskar kwalin ta fara biyo takardar tana yagewa.

Uzairu ya dafe kai. "Kai, Mujahid! Kai!"

"Na sani."

"A bushe ba za ta ɓantaru ba. Ƙaro sai ruwa."

"Na sani."

Dukansu sun san sauran. Biro ba ya jin ruwa. Tawadar allo kuwa don a wanke ta aka yi ta. Duk ruwan da zai ratsa ya narka ƙaron, sai ya bi ta kan zanen Mujahid tukuna.

Uzairu ya sassauta murya ya ce, "To ji nan. Ka je Kano tukuna. In an gama baje kolin ka dawo da su mu jiƙa. Tsohon ai ya ce ba gaggawa."

"Tsohon ya ce. Matar da ba ta cin abinci fa?"

"Ko kuma ka zana wasu shanun ka kai mata. Kai da ka fi shi hannu."

Mujahid ya koma gida da wannan shawarar a kai. Bayan la'asar ya ɗauki biro da takarda ya fara. Ya ja ƙaho, ya ja tozo. Saniya ta fito tsaf, amma saniyar kowa ce. Bai san wacce ke da tabo a goshi ba, bai san wacce ke kwanciya a gefen hagu ba. Ya tuna ko kallon kirki bai taɓa yi wa zanen ba. Ya ajiye biron.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya samo tsumma mai laushi. Ya ɗauko uwar farko, wadda ke ɗauke da direban tasha da fasinjojinsa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yi bisimilla ya ɗora jiƙaƙƙen tsumman.

Direban ya narke. Fasinjojin suka bi shi. Tawada ta gangara ta koma ruwan ƙwarya. Da takardar ta yi laushi ya ɗaga ta a hankali, sai ga saniya mai karyayyen ƙaho tana kallonsa.

Ya ce mini a nan ne ya fara kuka, kuma ba don direban ba.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har jakar ta ƙare. Ya shanya su a inuwa, ya danne da littattafan mahaifinsa don kada su lanƙwashe. Ya kira mutanen Kano ya ce ba shi da abin kawowa. Suka yi masa jaje, suka ba wani bangon.

Ranar Asabar ɗin da ya kamata ya hau motar Kano, babur ya hau zuwa Tarai. Ina gida lokacin. Aka yi masa iso, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya miƙa ledar.

Inna ta zaro na farko. Ta kai shi kusa da ido, sai ta ce, "Woɗe ce." Ta zaro na biyu. "Bale. Ga ɗanta nan da ya mutu bara." Ta bi su tana kiran kowace da sunanta, tana shafawa da yatsa. Duk sun yi dabbare-dabbare da jirwayen tawada, amma ba wadda ta ɓace mata.

Na ƙarshe ba saniya kaɗai ba ce. Mace ce a tsugune tana tatsa. Wannan kwalin ƙaro ya kama shi da yawa, wajen ɗagawa fuskar matar ta bi takarda ta tafi.

Mujahid ya ce, "Inna, wannan ban iya ceto shi duka ba."

Ta ce, "Fuskata ba ta ɓace mini ba, ɗana. Hannunsa nake nema, ga shi kuwa."

A ranar ta sha fura.

Baffa ya rako Mujahid waje, ya tambaye shi abin da ya ɓata kwalayen haka. Mujahid zai iya cewa ruwan sama ne, ba mai ƙaryata shi. Amma ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, tun daga ranar da ya ce sai fitowa ta gaba. Ya ce zai buga fitowa guda ta shanun Ɗayyabu zalla da sunansa a bango. Ya ce, "Baffa, ku yafe mini."

Baffa ya dubi garke. Sannan ya ce, "Nawa da na uwarsa mun yafe, duniya da lahira. Takarda kuma ka buga, ba laifi. Amma wanda ya yi ta zirga-zirga zuwa Rano yana jira ba ni ba ne. Mai haƙƙin ba ya nan, ni kuwa ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba."

"To yaya zan yi, Baffa?"

"Sa takalminka. Zo in nuna maka inda yake kwance, ka riƙa yi masa addu'a."

Suka bi ta gefen gonar dawa, tsoho a gaba, Mujahid a baya.

Darasi: Kada ka raina abin da wani ya miƙo maka da hannu biyu, don ba ka san abin da ya zuba a ciki ba. Kada ka gina sunanka a kan aikin ɗan'uwanka. In za ka yi wa mutum alheri, ko za ka nemi gafararsa, yi yau yana ji yana gani, domin kai da shi ba wanda ya san ko zai ga gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ƙananan masu basira ke kawo wa aikinsu. Wanda ya karanta kuma ya sa Ɗayyabu a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.