Zubairu da Muryar Mahaifinsa

Akwai wani matashi a Gozaki mai suna Zubairu, shiru-shiru ne tun yana yaro. Mahaifinsa kuwa, Alhaji Isyaku, in ya daka tsawa a gona har a bakin titi ana ji, kuma ma'aikatansa ba sa fushi.

Bana ciwon ƙafa ya kwantar da Alhaji daidai lokacin yankan waken suya. Waken nan in ya bushe ba ya jira, fashewa yake yi ya zube a ƙasa. Abincin gidan na shekara yana cikinsa.

Ragamar aikin ta koma hannun Zubairu, ya ga ai abin ba wuya, tsawa ce kawai. Yana isa gona ya ɗaga murya a kan Baba Rabe, dattijon ma'aikatan. "Kai, wannan wane irin sanyin jiki ne?"

Baba Rabe ya ajiye lauje ya koma gindin ɗorawa, sauran suka bi shi. Rana ta take, Zubairu yana tsaye yana jin waken yana fashewa ƙas-ƙas. Wallahi ya ba ni tausayi.

Da ya faɗa wa Alhaji, dariya tsohon ya yi. "Ni da Rabe tare muka yi kiwo. In na yi masa tsawa, abokinsa ya ji. Kai kuwa shi ya goya ka."

Washegari da sassafe Zubairu ya je ƙofar gidan Baba Rabe ya durƙusa. "Baba, na yi kuskure. Ta ina za mu fara?"

"Ta tudu, tun raɓa ba ta bushe ba," in ji dattijon.

Zubairu ya bar wa dattawa ɓangarensu, ba leƙe ba sa ido. Shi kuma ya ɗauki lauje ya shiga cikin samari, kowa na jin nauyin ya bar shi a gaba.

Da Alhaji ya samu sauƙi aka kai shi gonar a babur. Ya ji gona tsit, ya zaci ba a aiki, sai ga wake tsibi-tsibi an kusa gamawa. Don sabo ya buɗe baki zai yi tsawa.

Baba Rabe ya ɗago. "Alhaji, rage murya. Mai gona yana aiki."

Darasi: Kada ka kwaikwayi shugabancin wani. Dubi halinka, dubi mutanen da ke ƙarƙashinka, ka zaɓi hanyar da ta dace da ku. Ku tura wa duk wanda aka ɗora wa jagoranci.