Yadin da Ba a Roƙon Kwancensa

Wani hakimi ne fadawa suka ishe shi. Duk rigar da ya sa, kafin ta sha wanki an roƙi kwancenta, ko an ɗinko irinta. Ya kira Tanimu tela.

"Tafi Kano ka sayo mini yadin da ba mai roƙon kwancensa, ba mai sha'awar ɗinka irinsa. In ka dawo babu, keken ɗinkinka ya zama nawa."

Tanimu ya zaga Kantin Kwari har ƙafa ta kumbura. Duk shaddar da ya taɓa, sai mai shago ya ce, "Ita ake yayi, maigida!" Sai ya sake ta kamar ya taɓa wuta. Can dai ya yi dariya, ya sayi abin da ya saya.

A fada ya warware farin yadi fes.

Hakimi ya zabura. "Kai, wannan ai likkafani ne!"

"Ranka ya daɗe, duk Kwari shi kaɗai ne ba a yayinsa. A tambayi fadawa, wa ke son kwancensa?"

Fadawa kowa ya sunkuyar da kai.

Tanimu ya zaro tef daga wuya. "To, a miƙe in gwada, ko a kwance za a yi?"

"Nesa da ni! Riƙe kekenka, ka ɗinko mini irin ta kowa."

"An gama, ranka ya daɗe. In ta tsufa, ni na riga kowa roƙo."