Zanen Farko na Marinar Rafin Kargo

Ku matso kusa, ba don labarin na sirri ne ba, sai don muryata ta yi ritaya tare da ni.

Rafin Kargo gari ne da ba a san shi da komai ba sai marina. Rijiyoyin rini talatin da biyu ne, gidaje kusan arba'in suna ci daga cikinsu tun kaka da kakanni. Wata shekara aka kafa kwamitin ƙawata gari. Kwamitin ya zagaya, ya ga marina, ya ji warinta, ya yanke shawarar taimaka mata. Aka kwashe ruwan, aka kankare tsohon dagwalon da ke bangon rijiyoyin, aka shafe su da siminti sumul, aka yi wa bakinsu fenti. Aka yanka ƙyalle, aka sha lemo. Marina ta yi kyau ƙwarai. Abu ɗaya kawai ta daina yi, shi ne rini. An zuba baba, an zuba toka, an motsa da muciya kwana bakwai, ruwa ya ƙi kumfa. Farin zane ya shiga, ya fito kamar an goge tukunya da shi.

Kwamitin ya sake zama, ya lura cewa marina ba ta aiki, ya ba da wa'adin kwana sittin: in ba a fito da rinannen zane ba, za a cike rijiyoyin a yi tashar babura. Masu rini suka roƙi a fasa simintin. Aka ce musu ba a fasa aikin da aka riga aka ƙaddamar.

To, ga mutum uku.

Na farko Jatau ne, tsohon marini, wanda hannayensa suka yi baƙi har gwiwar hannu tun yana saurayi. Ranar da ake kankare rijiyoyi, kowa yana kallon lebura, shi kuwa ya bi amalanken shara ya ɗebo dagwalo cikin tulu, ya kai ɗakinsa. Wata bakwai yana ba tulun ruwan toka da ganyen baba, yana rufe shi da bargo in an yi sanyi, kamar mai jinyar tsohuwa. Iyalinsa suka koma kwana a zaure saboda wari. Gari ya ce tsufa ya zo masa ta ka. Tulun bai mutu ba, amma ƙarfinsa bai kai ya rina hular jariri ba.

Ta biyu Dakta Kubura ce, mai binciken ƙananan halittu a wata jami'a da ke tafiyar awa uku daga garin. Ta zo ne don ta rubuta yadda marina ta mutu, domin abin da ya mutu ya fi sauƙin rubutawa. Aka nuna mata gidan Jatau don ta yi dariya, sai ta fito da cokali uku na dagwalo a kwalba. A ɗakin gwaje-gwaje ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta ga abin da kwamitin ya kwashe da shebur: halittu ne da ido ba ya gani, su ne ke narkar da baba har ya kama zane. Ta ware su, ta ciyar da su, suka mutu. Ta sake, suka sake. A karo na uku ta aika mota aka ɗauko Jatau, aka sa masa farar riga da safar hannu. Ya cire safar, ya tsoma yatsa cikin kwalbar, ya ɗanɗana.

Ta ce, "Baba, a nan ba a shan abin gwaji."

Ya ce, "Shi ya sa suke mutuwa, 'yar nan. Tokarki ta yi yawa. Kuma kin cika buɗe su kina leƙawa. Amarya ce?"

Ta auna da na'ura. Bayan kwana uku na'urar ta amince da harshen Jatau. Amma harshen Jatau ba ya haifar da komai, kuma wata bakwai yana da shi tulun bai ƙaru ba. Dakta ce ta san zafin da halittun suke so da abincin da ke sa su yaɗu, ta mai da cokali uku jarka ashirin cikin kwana goma sha takwas. Har taron da aka gayyace ta ƙasar waje ta bari ya wuce, ta zauna gadin jarkoki.

Aka kai jarkokin marina, aka juye biyar a rijiya ɗaya. Kwana huɗu, shiru. Aka juye wasu biyar. Shiru. Simintin ya yi santsi, halittun ba su sami wurin maƙalewa ba. Dakta ta sa aka shimfiɗa yadin kanti a bangon, aka ƙara juye biyar, sai maganin da masana'anta ke faranta yadi da shi ya ƙarasa su. Saura jarka biyar, saura kwana goma sha tara.

Ta uku Kande ce, masaƙiya, taubashiyar Jatau, wadda ita kaɗai ta rage a garin tana kaɗi da mazari. Ta zo kallo ne. Ta shafa yadin kantin, ta ce wa Jatau, "Kai da ka ce ka san rini, wannan ko ƙuma ba za ta zauna a jikinsa ba."

Ya ce, "To uwar iyawa, ke me za ki yi?"

Ta nemi Dakta ta nuna mata halittun a madubi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Abin da bai da ƙafa, ɗaki ake yi masa." Ta koma gida ta kwance abawar da ta shekara uku tana tarawa don likkafaninta, audugar gonarta ce, ba ta taɓa ganin sabulu ba. Ta yi saƙa mai kauri, mai gashi-gashi da ƙananan ramuka, irin wadda da a kasuwa ce za a ce masaƙiyar ta makance. Sau biyu Dakta tana gwada guntunta a kwalba tana cewa a ƙara sakin zaren, sau biyu Kande tana warwarewa. Kwana goma sha ɗaya ta yi a bakin masaƙa, har yatsunta suka fashe.

Aka lulluɓe bangon rijiya da saƙar Kande, aka juye jarkokin Dakta na ƙarshe, Jatau ya riƙe muciya. Ran kwana na shida da hantsi, kumfa mai ruwan tagulla ta taso, wari ya koma gidansa na asali, mutanen gari suna shaƙa kamar turare. Jatau ya tsoma farin zane, ya ɗaga shi kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban kowa. Ya yi ta tsomawa har zanen ya yi baƙi siɗik. Mata suka rangaɗa guɗa. Daga wannan rijiya aka ɗebi ruwa aka tayar da sauran talatin da ɗaya, kowacce an lulluɓe ta da irin wannan saƙar, kuma yanzu 'yan mata tara ne ke koyon kaɗi a gidan Kande. Kwamitin ya zo ya ɗauki hoto, ya bayyana cewa gyaran da ya yi ya fara haifar da ɗa mai ido. Babura suna nan a bakin kasuwa inda suke.

Sai dai a Rafin Kargo akwai al'ada: zanen farko da ya fito daga rijiyar da ta farfaɗo, na wanda ya raya ta ne. Ba a sayar da shi, ba a kuma sa masa almakashi. Dattawa suka zauna. Masu goyon bayan Jatau suka ce ba don tulunsa ba, da Dakta ta leƙa madubi ta ga madubi. Masu goyon bayan Dakta suka ce ba don ita ba, da har yau tulu ne mai wari a ɗakin tsoho. Masu goyon bayan Kande suka ce mai tulun da mai madubin sun yi iyakar yinsu jarka goma sha biyar suka salwanta, kuma ita kaɗai ce ta ba da abin da za a naɗe ta da shi.

Zanen yana nan a ninke cikin adaka, shekara ta biyu ke nan, dattawa suna ci gaba da nazari. Ni an tambaye ni, na ce ni malamin lissafi ne, kuma ɗaya ba ya rabuwa uku sai da almakashi.

To, ku da kuka ji, wa za a miƙa wa zanen: wanda ya adana, wadda ta yawaita, ko wadda ta yi musu ɗaki?