Katakon da Aka Tura Katabu

Akwai wani ɗan kasuwa a Kaduna mai suna Hamisu Yalwa, mai sayar da kayan gini. Siminti ne, kwano ne, katako, ƙusa, fenti, rodi, har ƙofofi da tagogi, babu abin da babu a wajensa. Mutane har wasa suke yi cewa in ka shiga shagonsa da fili, da gida za ka fito.

Amma ba haka ya fara ba. A shekarar 1981 ya sauka Kawo daga ƙasar Katsina, yana dakon siminti a bakin titi. A masallacin unguwa suka saba da wani dattijo, Malam Yusha'u, akawu a sakatariya, wanda ke zaune a kwatas ɗin ma'aikata. Malam yana da gareji amma ba shi da mota, kekensa kawai yake jinginawa a ciki. Wata rana ya fitar da keken, ya miƙa wa Hamisu makulli, ya ce ya fara kasa ƙusa da fenti a nan. Matar Malam, Hansai, kuwa shekara uku tana zuba wa Hamisu tuwo tare da 'ya'yanta, ba ta taɓa bambanta kwano ba.

Allah ya sa wa abin albarka. Hamisu mutum ne mai kai, wannan kam ba za a hana shi ba. Ya daina sayen kaya hannun dillalai, ya riƙa ɗauko tirela guda kai tsaye daga kudu. Ya sayi a-kori-kura biyu yana kai wa mutane kaya har bakin gini kyauta. Kafintoci da magina kuwa kullum akwai shayi da goronsu a shagon, su kuma su jawo masa masu gini. Kafin shekara goma ya buɗe reshe a Rafin Guza, ya buɗe a Kinkinau, ya buɗe wani can Katabu a hanyar Zariya. Ya je Makka, ya zama Alhaji. Burinsa reshe goma, kuma ba ya ɓoyewa.

Duk Sallah sai ya je gaida Malam Yusha'u, kuma maganarsa ɗaya ce.

"Baba, ranar da za ka yi gini, ko ƙusa ɗaya ba za ka saya ba. Ni ne nan."

Malam sai ya yi dariya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Hamisu. Ci abincinka."

A babban sito na Kawo akwai wani tsoho, Sanda, shi ke karɓar katako idan tirela ta iso. Yana da aikinsa da ya saba. Kowane katako sai ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da bayan guduma, ya kasa kunne. Wanda ƙwaro ya ci cikinsa ƙararsa daban take, kuma in ka buga shi gari yake zubarwa. Irin wannan sai Sanda ya shafa masa jan fenti a baki ya jefa gefe, masu gidan burodi su saye shi a kuɗin itacen wuta.

A farkon 1992 kaya suka yi tsada, naira ta faɗi, ga Alhaji ya riga ya kama wuri zai buɗe reshe na biyar. Sai wata tirela ta iso, Sanda ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku ya shafa musu ja. Alhaji ya zo ya tsaya kan tulin, ransa a ɓace.

"Sanda, duk wannan wuta za ta ci?"

"Alhaji, cikinsa babu komai. Saurara ka ji." Ya ƙwanƙwasa ɗaya, gari ya zubo.

"A tsoma su a baƙin mai. Ai ana yi saboda gara, babu wanda zai ce komai."

"Baƙin mai yana hana gara shiga, Alhaji. Ba ya mayar da abin da aka riga aka cinye."

"Ban ce a sayar a nan ba. Nan injiniyoyi ke zuwa da 'yan kwangila, sun san kaya. A loda su zuwa Katabu. Can ɗaki ɗai-ɗai ake yi, wane nauyi za su ɗauka?"

Sanda ya ajiye gudumar ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Aka sa wasu suka tsoma. Katako ya fito baƙi wuluk, ya fi lafiyayyen kyan gani. Sai dai jan fentin nan bai ɓace duka ba, in ka san inda za ka duba za ka gan shi a baki yana leƙowa.

Cikin wata biyu reshen Katabu ya sayar da shi tas. Alhaji ya yaba wa kansa, har yana faɗa wa abokansa cewa sirrin kasuwa shi ne kada ka yar da komai.

To, a wannan shekarar ne Malam Yusha'u ya yi ritaya. Aka ba shi wata shida ya bar kwatas. Ashe tun da daɗewa yana da ɗan fili a Katabu, ya tayar da bango sannu a hankali bai gaya wa kowa ba. Da giratuti, wato kuɗin sallamar aiki, ya fito sai ya tashi yin rufi.

Kun san halin dattawanmu na da wajen kunya. Malam ya san in ya doshi shagon Kawo, Hamisu ba zai karɓi ko kwabo ba, shi kuma ba ya son a ce garejin da ya bayar don Allah ya dawo karɓar ladansa. Kuma ba ya son ya kai kuɗinsa shagon wani alhali Hamisu yana sayarwa. Sai ya tafi reshen Katabu inda ba a san fuskarsa ba, ya biya kamar kowa, ya yi shiru da bakinsa.

Alhaji bai ji labari ba sai da aka aiko masa da goron walimar tarewa. Ya iso da buhun shinkafa da rago, yana ta mita.

"Haba Baba! Ka yi gini ban sani ba? Me na yi maka?"

"Kwantar da hankalinka," in ji Malam yana murmushi. "Ai kayanka ne a kaina. Duk katakon nan da kwanon nan daga shagonka na nan Katabu suke. Na ce wa Hansai, ko ba komai a ƙarƙashin guminka za mu ƙarasa kwanakinmu."

Ba a sa silin ba tukuna, kuɗi sun ƙare. Alhaji ya ɗaga kai. Katako baƙi wuluk, jere daga bango zuwa bango. A bakin na farko ya ga ja. Na biyu ma ja. Ya ƙirga har bakwai, sannan ya sunkuyar da kai.

Hansai ta kawo masa tuwo da miyar kuka da hannunta, irin wanda ya sani. Ya kai loma ɗaya ya tsame hannu.

"Hamisu, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, Inna. Na ci abinci a hanya ne."

Nan ne wurin da ya fi ba ni haushi a labarin nan. Maganar da ba ta fi minti ɗaya ba ce. Baba, katakon nan ba shi da kyau, gobe zan turo a canza. Yana da motoci, yana da kaya, yana da kafintoci. Amma ya san Malam zai tambaye shi yadda aka yi ya sani, kuma ya san kafintan da zai sauke rufin zai ga abin da ke ciki, labari ya zaga garin daidai lokacin da zai buɗe sabon reshe. Ya ce a ransa bari a buɗe tukuna, sai ya san dabarar da zai yi.

Sau biyu yana kama hanyar Katabu yana juyawa. Ya aika da silin kyauta, wai ko zuciyarsa za ta lafa, bai tsaya ya yi tunanin nauyi ya ƙara wa ruɓaɓɓen katako ba. Ya daina haɗa ido da Sanda. In ya ga gajimare ya taso daga gabas, sai ya fito ƙofar shago yana kallon sama.

Aka buɗe reshe na biyar ranar wata Asabar, aka ci aka sha. Ranar Laraba bayan la'asar hadarin farkon damina ya taso da iska mai ƙarfi. Malam Yusha'u yana masallaci. Hansai ita kaɗai ce a ɗaki tana ninke shanyar da ta shigo da ita. Rufin ya karye daga tsakiya, ya rufto mata a ƙugu.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma likita ya ce a shekarunta ƙashin ba zai koma daidai ba.

Alhaji ya je asibiti, ya tarar ana ta tsine wa kafintan da ya yi aikin, wani bawan Allah mai suna Ja'afaru. Kowa cewa yake shi ya yi ha'inci, ya rage ƙusa. Har mutum biyu sun karɓe aikinsu daga hannunsa. Ga shi can tsugune a bakin baranda. Hansai kuwa da ta ga Alhaji, sai ta yi ƙoƙarin gyara mayafi, ta ce, "Hamisu, ka bar kasuwarka ka zo? Allah ya yi maka albarka."

Wannan addu'ar ce ta gama da shi. Ya fita, ya sami Malam zaune a kan benci yana jan carbi, ya durƙusa a gabansa a gaban mutane.

"Baba, ba Ja'afaru ba ne. Ni ne."

Ya faɗi komai, tun daga jan fentin Sanda har ranar walima da ya ɗaga kai ya gani ya yi shiru. Yana magana hawaye na bin gemunsa.

Malam bai ɗaga murya ba. Tambaya kawai ya yi.

"Da a ce Kawo na zo, wanne za ka ba ni?"

"Mai kyau, Baba. Wallahi mafi kyau. Ban san kai za ka saya ba."

"Na yarda. To wa ka san zai saya?"

Malam ya ci gaba.

"Ni ka durƙusa wa saboda ka ci tuwon gidana. Mutum nawa ne a Katabu suke kwana ƙarƙashin wannan katako, waɗanda ba ka taɓa cin nasu ba? Damina yanzu ta fara. Tashi ka je ka nemi gafarar Ja'afaru, sannan ka je ka nemo su. In ka gama ka dawo mu yi maganar tawa."

Washegari Alhaji ya ɗauki Sanda da Ja'afaru da tsani, suka bi Katabu gida-gida. Shi da kansa yake yin sallama, shi yake faɗin abin da ya kawo shi. Wasu suka zage shi, wata mata ta watsa masa ruwan wanke-wanke, ya share fuskarsa ya ci gaba. Gida goma sha tara suka samu da jan baki, duk ya sauke rufin ya sake. Labari ya zaga gari kamar yadda ya ji tsoro. 'Yan kwangila suka janye, sabon reshen ya rufe kafin shekara, na Kinkinau ya bi shi. Reshe goman nan bai taɓa kaiwa ba.

Malam Yusha'u ya yafe masa, Hansai ma ta yafe, har tana yi masa faɗa in ya daɗe bai zo ba. Shi kuwa duk Juma'a yana Katabu. Yakan zauna a zaure, sai ya ji sandarta tana tahowa daga cikin gida, ƙwas, ƙwas, a hankali, ɗaya hannun riƙe da kwanon tuwonsa, don ta hana kowa ya kawo masa sai ita. Shekara tara yana jin wannan ƙarar har Allah ya karɓi ranta, kuma bai taɓa iya ɗaga kai ya dube ta ba kafin ta ajiye kwanon.

Darasi: Kayan da ba za ka iya sayar wa mahaifinka ba, kada ka sayar wa wanda ba ka sani ba, domin shi ma mahaifin wani ne. Kasuwar da ta girma da cutar marasa ido a kan kaya, wata rana a kan naka za ta faɗo. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa yau, kada ka jira sai ka gama buɗe sabon shago. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, da duk wanda yake shirin ɗora rufi kafin damina.