Riɗin da Uzairu Ya Kankare

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, Uzairu sunansa. Gwani ne, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin kwamfuta mai Windows ya kama bakinsa. Shi dai Linux, kuma wa'azinta yake ko ba a tambaye shi ba. Ka kai masa caja ta lalace, ka dawo da lacca.

Shagon da ke kallon nasa na Haliru ne, mutumin Windows. Kullum da hantsi sai sun haɗu wajen Asha mai jabana, wato gahawa, musu ya kaure.

"Ya zol, mutumina, kai ɗan haya ne a kwamfutarka," in ji Uzairu. "Ni tawa gidana ce, bangon da na ga dama nake rushewa."

"Yi ta rushewa," Haliru ya ce. "Mu dai muna samun barci a namu."

Haliru wasa ya ɗauki abin. Uzairu kuwa har cikin ransa yake jin zafi.

Wata rana Khairiyya, 'yar kawunsa, ta kawo kwamfutar mahaifinta, Kawu Sharu, dattijon da idonsa ya daɗe da tafiya. Wurin Haliru ta nufa, ta tarar ya tafi garin Doka, sai ta tsallako wurin Uzairu.

"Sauti ne yake shaƙewa," ta ce. "Shi kaɗai za ka duba."

Nan da nan ya gyara sautin. Sai ya ga Windows a ciki, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya kwafe duk abin da ke ciki bai bar ko ɗaya ba, ya sa Linux, ya mayar da kayan. Ya ga wasu ƙwayoyin riɗi sun manne a kan maɓallai, ya sa reza ya kankare su tas. A ransa kyauta ya yi wa tsoho.

Da la'asar ya kai da kansa. Kawu Sharu na zaune a kan angarib, gadon igiya, a inuwar rumfa. Ya karɓa ya ɗora a cinya, ya kunna, ya kasa kunne yana jiran ƙarar da ya saba ji. Ba ta zo ba. Yatsunsa suka bi maɓallan, suka sake bi, sannan suka tsaya.

"Uzairu, ina riɗina?"

Khairiyya ta dafe ƙirji. Ita ta yi wa Uzairu bayani. Kafin mahaifiyarta Ummusalama ta rasu, sun naɗi muryarta: labarin kakanni da suka taso daga Haɗeja a ƙafa za su Makka suka yada zango a nan, waƙoƙinta na niƙa, har da mitarta. Haliru ne ya zauna da tsohon, ya liƙa riɗi da ƙaro a kan maɓallai, ya tsara yadda kowanne zai kira murya guda. Kullum bayan sallar asuba haka yake zama shi kaɗai yana saurarenta.

Uzairu ya matso kusa da tsohon.

"Kawu, wallahi muryar tana nan, ban goge komai ba. Khairiyya sai ta riƙa kunna maka."

"Ma'alesh, ba komai ɗana, na san alheri ka nufa," in ji tsohon. "Amma tunda na aure ta ban taɓa jiran wani ya ba ni dama kafin in yi hira da ita ba."

Uzairu bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya san Linux ciki da bai, amma bai san wane maɓalli ne na wace murya ba. Mutum ɗaya ne ya sani.

Washegari ya tsallaka titi rungume da kwamfutar, ya shirya shan dariya. Haliru ya saurara har ƙarshe, bai ko murmusa ba. Ya jawo masa kujera.

"Ina da sauran ƙaro," ya ce. "Je ka samo riɗi."

Tare suka mayar da Windows da komai yadda yake, tare suka kai. Kawu Sharu ya lalubo ƙwayar farko ya danna. Sai muryar Ummusalama ta cika rumfar: "Sharu, kai dai da surutu, shayinka zai huce!"

Tsohon ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Wai abin nan da kuke ta faɗa a kai, wanne ne a cikin tawa?"

Uzairu da Haliru suka miƙe. Suka fita a hankali suka bar shi da matarsa.

Har yau Uzairu na son Linux, kuma har yau suna musu wajen Asha. Sai dai yanzu in aka kawo masa kwamfuta, kafin ya taɓa ta sai ya tambaya, "Wa ke aiki da ita, kuma yaya yake yi?"

Darasi: Abin da ya fi a wurinka ba lallai ne ya fi a hannun wani ba. Kafin ka gyara wa mutum abinsa, tambaye shi, don abin da ka ɗauka datti ne wataƙila da shi yake gane hanya. Ku tura wa duk wani mai son mayar da kowa irinsa.