"Maimaita Mini, 'Yata"

Akwai wata mata, matar wani manomi, sunanta Rahila. A zamanin amarcinta akwai ɗan ƙaramin asibiti a bayan majami'ar ƙauyensu, ɗaki biyu a inuwar mangwaro. Mai ba da magani kuwa wani dattijo ne, Baba Barnabas. Bawan Allahn nan ba ya miƙa wa kowa ƙwaya sai ya zana hoton rana a jikin takardar maganin, ta safe ko ta yamma, sa'an nan ya ce, "Maimaita mini." Rahila ce kan gaba wajen mita.

"Haba Baba, tuwona na kan wuta!"

"Ya ƙone, 'yata, kya tuƙa wani. Maimaita."

Kwanaki masu daɗi ke nan, amma ba ta sani ba tukuna.

Shekaru suka shuɗe, Ubangiji ya kira Baba gida. Wanda ya gaje shi mai ilimi ne, ga zafin nama, layi ba ya tsayawa. Rahila har yabonsa ta yi.

Ana nan sai hawan jini ya kama mijinta Habila. Ta je karɓo masa magani, ma'aikacin ya yi bayani da sauri ta taga. Ba ta gane ba, amma kunya ta hana ta tambaya, ta ce, "To." Ƙwayar da aka ce ɗaya da safe, sau uku ta riƙa ba shi, yadda ta saba da maganin zazzaɓi. A rana ta uku Habila ya yanke jiki ya faɗi a gonar gyaɗa. Da ƙyar aka ceto ransa.

Rahila ta zauna a gindin mangwaron nan ta yi kuka, kewar Baba ta cika ta.

Ran da aka sallame su, ma'aikacin ya miƙo magani, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ɗana, dakata in maimaita maka."

Ma'anar wannan misali ita ce: ran mutum amanar Allah ce, a hannun mai ba da magani da mai karɓa. Kai ma'aikaci, "to" ba shaidar ganewa ba ce, ka jira a maimaita maka. Ku kuma 'yan'uwa, kada kunya ta kulle bakinku a gaban taga. Tuwo in ya ƙone ana tuƙa wani, amma ita Rahila, Habila ɗaya gare ta.